Waken Damagaram tsakanin dokokin ƙasa biyu: nazarin kakar 2024

A tsakiyar watan Oktoba na 2024, ana tsakar roron wake a gonakin Magarya, Dungas da Matamaye na jihar Damagaram (Zinder), gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar hana fita da shinkafa, gero, dawa, masara da wake zuwa ƙasashen waje, har sai an sake ba da wani umarni. Ƙasa biyu kaɗai aka keɓe, Mali da Burkina Faso, abokan tafiyarta a ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. Duk wanda aka kama yana ƙetarewa da waɗannan kaya za a ƙwace su, kuma yana iya gurfana gaban shari'a. Dalilin da aka bayar shi ne a wadata kasuwar cikin gida, abinci ya samu ga talaka a farashin da zai iya.

Wata uku kafin nan an yanke wani hukunci a Abuja da ya shafi wannan waken. A watan Yuli ministan noma na Najeriya, Abubakar Kyari, ya sanar da janye kuɗin kwastam na tsawon kwana 150 a kan masara, alkama, shinkafar da ba a gama gyarawa ba, da wake, don a karya tsadar abincin da ta gallabi jama'a. Ke nan a kaka ɗaya, a kan buhu ɗaya, maƙwabciyar kudu na cewa a shigo da shi ba haraji, ƙasar da ta noma shi na cewa ko tiya kada ta fita. Wannan nazari ya bi sawun abin da ya samu manomi da ɗan kasuwar Damagaram a tsakanin dokokin biyu. Ra'ayina kuwa gara in faɗe shi tun yanzu: tsoron da ya sa aka tsare gero tsoro ne mai tushe, amma sa wake cikin jerin ya ɗora nauyin ciyar da birni a wuyan manomin da ya fi kowa rauni.

Abin da ya sa hukuma ta tsorata

Duk wanda ya zauna a Nijar daga Yulin 2023 zuwa kakar 2024 ya san halin da aka shiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Sai a ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar Najeriya kuma ta buɗe cikin watan Maris. Ta Benin ba ta buɗe daga ɓangaren Nijar ba, saboda haka kayan da a da ke saukowa a tashar Kwatano su shigo ta Gaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, shinkafar waje ta yi tsadar da ba a saba gani ba. Damagaram da ke da nisan kusan kilomita 900 daga Yamai ita ce ke biyan ƙarshen kuɗin wannan zagaye.

Damana ta zo da ruwa mai yawa, ta zo kuma da ɓarna. Ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan 1, Maraɗi da Damagaram na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a garin Zinder, ginin ƙasa na tun ƙarni na 19, ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A wannan yanayi gwamnati ta riƙa ɗaukar matakan rage tsadar rayuwa ɗaya bayan ɗaya: litar mai ta koma sefa 499, aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, aka karya farashin siminti don masu sake gini. Hana fita da hatsi ɗaya ne daga cikin wannan jeri.

Akwai kuma abin da ba a mance ba. A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, hatsi ya yi ta tafiya kudu saboda farashin Najeriya ya ɗara namu, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a Maraɗi da Damagaram, har babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya zo Zinder a watan Agusta don ya gani da idonsa. A farkon shekarar ne kuma aka faɗaɗa harajin TVA na kashi 19 cikin 100, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, ya hau kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta, jama'a suka yi ta zaman gida da zanga-zanga har gwamnati ta janye mafi yawansa a watan Afrilu. Duk mai mulki a Yamai ya koyi darasi biyu daga wannan shekara: kada ka bari gero ya tsere kudu, kada kuma ka taɓa farashin abincin birni. A 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta kai wajen kashi 40 cikin 100. Kasuwar mutum sama da miliyan 200 tana jin yunwa a bakin ƙofarka, ga rumbunanka sun sha ruwa. Wanda ya ce a tsare gero da dawa a wannan hali yana da hujja, kuma ban ga laifinsa ba.

Matsayin wake a gidan manomi

A jigawar Damagaram ba a cika ware wa wake gonarsa ba. Tsakanin layukan gero ake jefa shi bayan geron ya tsaya da ƙafarsa. Idan kaka ta yi, dammunan gero su shiga rumbu, wake kuwa ya nufi kasuwa. Ana cin sa a gida, ana ɗanwake, ana dafa shi da shinkafa ko a zuba a miya, amma abin da iyali ke ci kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da suke sayarwa. A da gyaɗa ce ke riƙe da wannan matsayi, zamanin da kamfanin SONARA ke saye a Magarya da Matamaye. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa suka karya ta, wake ya maye gurbinta saboda yana jure ƙarancin ruwa kuma ga kasuwa a shirye a Kano. Yau Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, tana samar da sama da tan miliyan 2 a shekaru masu kyau, kuma kaso mai yawa na wannan wake kudu yake tafiya.

Da kuɗin wake ake biyan bashin da aka ci lokacin noma, da lanfo, da kayan makarantar yara, da hidimar aure da suna. Da shi ake sayen ɗan tunkiyar da uwargida za ta turke. Abin da aka fi mancewa a ofisoshi shi ne da kuɗin wake ake sayen gero. Gidaje da yawa a kudancin jihar, inda mutane suka yi yawa gonaki suka tsuke, geron da suke nomawa ba ya kai su wata damanar. Suna sayar da wake a kaka don su cike giɓin rumbu. Irin wannan magidanci mai sayarwa ne kuma mai saye, saboda haka abin da ya dame shi shi ne tiya nawa ta gero tiyar wakensa za ta kawo masa.

A nan lissafin dokar ya karkace. Gero mafi yawansa dama a cikin gida ake cinye shi, hana fita da shi na rage farashinsa amma ba sosai ba. Wake kuwa babban mai sayensa na waje ne, idan aka cire shi daga kasuwa faɗuwar ta fi zurfi. Mu ɗauki misali da alƙaluman da na ƙirƙira don fahimta kawai. A ce tiyar wake jika guda, watau dala 200, ta gero dala 140. Mai tiya 10 ta wake zai koma gida da tiya 14 ta gero. A ce bayan doka wake ya sauko dala 120, gero ya sauko dala 110. Kowa zai ce abinci ya yi sauƙi, kuma gaskiya ne, amma mutumin nan da tiyarsa 10 yanzu da ƙyar zai samu tiya 11 ta gero. An yi doka don a tsare masa abinci, ya wayi gari abincin da ke shiga gidansa ya ragu.

Kuma ba shi da ikon jira. Wake ba ya ajiyuwa kamar gero, cikin ƴan watanni ƙwari sun huda shi ya zama gari. Akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, tun wajen 2007, yana tsare wake ba tare da magani ba, kuma ya samu karɓuwa a kasuwanninmu. Sai dai buhu na maganin ƙwari ne kawai. Wanda mai bashi ke tsaye a ƙofar gidansa dole ya sayar ranar kasuwa a kan abin da aka taya. Maganar da aka riƙa ji wajen awo a wannan kaka ba ta wuce haka ba: mai wake ya ce, «Alhaji, a duba dai, a ƙara ko dala biyar», mai saye ya ce, «Malam, ni ma ban san inda zan kai shi ba, ka san an hana fita». Wani lokaci gaskiya Alhajin yake faɗa. Wani lokaci kuma ya san sarai inda zai kai shi.

Hanyar buhu

Kafin doka, tafiyar wake a bayyane take. Ƴan awo na zama a kasuwannin ƙauye da kuɗin ubangidansu, suna tarawa tiya-tiya har buhu ya cika, wajen tiya 40 a buhu mai kilo 100. Amalanke ko ƙaramar mota ta kai shi kasuwa mai girma, Mirya, Bakin Birji, Kance, Magarya, ko kasuwar Dole a cikin garin Zinder. Daga nan a loda wa manyan motoci. Mai bin Matamaye ya fita ta Ɗan Barto ya shiga Kwangwalam da Mai'aduwa, inda kasuwa ke ci ranar Lahadi. Mai bin Magarya ya fita ta Tinkim zuwa Babban Mutum. Na Dungas ya nufi Maigatari mai ci ranar Alhamis. Mafi yawan kayan a Dawanau ta Kano suke haɗuwa, daga can dillalai su tura su Legas, Ibadan da Onica. A bakin iyaka ana cika takarda a duwan, watau kwastam, a biya kuɗin fita, a rubuta abin da ya wuce. Ba duk buhu ke bin ofis ba ko a lokacin, amma manyan motoci na bi, kuma baitulmali na samun rabonsa.

Motar da ta kai wake ba ta dawowa wayam. Masara take ɗaukowa, da taki, robobi, sabulu, atamfa, garin rogo, kayan gyaran babura. Kuɗin mai da na direba a kan kaya biyu yake rabuwa, na zuwa da na dawowa. Idan aka hana na zuwa, duk kuɗin tafiyar ya koma kan na dawowa, mai sayen sabulu a unguwar Zango ko Garin Malam a Zinder ya biya shi ba tare da ya san daga ina ƙarin ya fito ba.

An ce ana iya kai wa Mali da Burkina. Ga ɗan kasuwar Tillaberi wataƙila wannan na da amfani. Daga Zinder zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 240 ce. Zuwa Wagadugu sai ka yi 900 ka isa Yamai, sannan ka ƙara wajen 500 a hanyar da ake jiran rakiyar soja, ka isa ƙasar da ita ma wake take nomawa tana neman mai saye. Damagaram tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano ya yada zango a nan kafin ya nufi Agadas da Tarabulus, kasuwancinta tsakanin kudu da arewa yake gudana. Takardar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta juya wannan zuwa yamma.

To ina waken ya tafi? Wani ya tsaya a sito na masu hali, waɗanda suka saye shi da araha suka zuba a buhunan PICS suna jiran ranar da za a sassauta. Wani kuma ya fita duk da doka. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, a ɓangarenmu jigawa ce shimfiɗe ba kogi ba dutse, ƙauyukan da ke gefe da gefe dangin juna ne, wani ma gonarsa na can gidansa na nan. Buhun da a da ke hawa babbar mota da rana ya koma hawa babur da amalanke da dare, biyu-biyu, uku-uku, a tara a wani ƙauye na ƙetare a sake lodi. Kowane mataki da kuɗinsa: na mai babur, na mai nuna hanya, na hanya, ga kasadar a kama kaya a ƙwace. Mai fasa-ƙwauri ba ya biyan waɗannan daga aljihunsa. Yana cire su daga farashin da yake ba manomi, ya ƙara da ribar kasada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen bakin iyaka. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa don ta hana shigar shinkafar waje, shinkafar ba ta daina shiga ba, tsada kawai ta ƙara, masu babura suka samu sana'a.

Adalci ya sa a faɗi waɗanda suka amfana. Mai tuyar ƙosai a bakin tasha, mai alala, mai garau-garau a ƙofar makaranta, ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba, duk sun ji sauƙi, kuma su ma talakawa ne masu haƙƙi. Ba kuma duk faɗuwar farashi za a jingina wa doka ba. Duk da ambaliya, damanar 2024 ta yi albarka a wurare da yawa, kaya sun yi yawa a kasuwa, a Najeriya ma farashin wake ya sauko cikin 2025 bayan nasu girbin ya shigo. Ko ba doka da farashi ya ɗan sauka. Abin da doka ta yi shi ne ta toshe hanya a daidai watannin da farashin kudu ke sama kuma manomi ke da kaya a hannu, watau Oktoba zuwa Disamba. Ribar da ke tsakanin farashin Magarya da na Dawanau a waɗannan watanni ita ce ladan shekararsa, kuma ita ce ta kuɓuce masa.

Ƙofar da Najeriya ta ce ta buɗe

Kada a ɗauka ɗaya ɓangaren tsarkakakke ne. A watan Fabrairun 2024, watanni kafin dokar Yamai, kwastam ɗin Najeriya sun riƙa tare motocin hatsi da ke nufo iyakar Nijar suna kamawa, da sunan hana abinci fita. Sai a watan Maris shugaban hukumar, Adewale Adeniyi, ya zo yankin Kwangwalam da Mai'aduwa ya sanar da cewa Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a mayar wa masu kaya kayansu, bisa sharaɗin a sayar a kasuwannin Najeriya. Masara kuwa ta daɗe a jerin kayan da dokar Najeriya ta hana fitarwa, alhali Damagaram ta dogara da masarar kudu a lokacin bazara. Wanda ke Yamai na iya cewa su suka fara, kuma bai yi ƙarya ba.

Rangwamen kwana 150 ɗin ma da aka yi ta yayatawa, da ƙa'idojinsa suka fito a watan Agusta sai aka ga ba don ɗan kasuwar Maigatari aka yi shi ba. Sai kamfani mai rajista da ya shekara 5 yana aiki yana biyan haraji, mai injin casa ko gonaki masu faɗi, shi zai shigo da kaya a ƙarƙashin tsarin, daga 15 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba. Waken Nijar kuma dama bai kamata a karɓi kuɗin kwastam a kansa ba, domin tsarin sassauta kasuwanci na CEDEAO ya yafe haraji a kan amfanin gonar da aka noma a cikin yankin. Abin da ke cin ɗan kasuwa a hanyar Kano yawan shingaye ne da faɗuwar naira, wadda tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dalar Amurka ta haura 1,500 cikin 2024, alhali sefa na ɗaure da yuro. Mai sayar da wake da naira, idan bai juya kuɗin ya zama kaya da wuri ba, yana iya kwana da riba ya tashi da asara. Saboda haka ne ma motar dawowa take da muhimmanci a gare shi.

Haraji na gani da wanda ba a gani

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina daga CEDEAO ta tabbata. Ƙungiyar ta ce kafin a kammala tattaunawa za a ci gaba da karɓar kaya da mutanen ƙasashen uku bisa tsohon tsari. A ƙarshen Maris shugabannin AES suka amince da sabon haraji na kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen, ban da kayan agaji, don gudanar da ayyukan ƙawancen. Adadin daidai yake da wanda aka saba karɓa wa CEDEAO a kan kayan da suka fito daga wajen yankin. An yi ta magana a kansa a rediyo da Facebook, wasu na yabo wasu na suka.

A ganina an ba shi muhimmancin da ya wuce girmansa. Kayan sefa miliyan 10, harajin jika 50 ne. Ɗan kasuwar da ya saba da kuɗin duwan mai hawa biyar, daga sifiri zuwa kashi 5, 10, 20 har 35, ga TVA na kashi 19 a kai, ba wannan zai hana shi barci ba. Yana da adadi sananne, yana da rasit, ana iya tambayar inda kuɗin ya shiga. Hana fita da wake shi ma haraji ne a aikace, tunda yana rage abin da mai kaya ke samu, sai dai ya ninka wancan sau da yawa, ba a rubuta adadinsa a ko'ina ba, kuma ko dala ba ta shiga baitulmali. Wani kaso ya tafi ga mai saye a birni ta hanyar araha, wani ga mai sito, wani ga masu hanyar dare. Gwamnatin da ke cewa za ta dogara da kuɗin cikin gida, a lokacin da tallafin waje ya ja baya, ta rasa kuɗin fita da take karɓa a Ɗan Barto da Tinkim, ta kuma rasa sanin yawan abin da ke fita, wanda da shi ake gane ko ƙasa na fuskantar ƙarancin abinci.

Da an raba jerin gida biyu da an kauce wa mafi yawan wannan. Gero, dawa, masara da shinkafa a tsare su zuwa wani wa'adi da aka ambata, a sake dubawa idan sakamakon ƙididdigar girbi ya fito. Wake a bar shi ya fita ta ofis, in ya so a ɗora masa kuɗin fita na wucin gadi a kan kowane buhu, daidai yadda bin hanyar duwan zai fi wa ɗan kasuwa sauƙi a kan bin daji. Abin da aka tara a ba OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, ta sayi gero a kaka, ta sayar da rahusa a bazara kamar yadda ta saba. Idan kuma an dage sai an tsare waken a gida, to wajibi ne hukuma ta zama mai saye, ta fito da farashi a fili tun kafin roro, ta saya wa makarantun kwana, barikoki da asibitoci, ta kuma ƙarfafa tsarin da ƙungiyoyin manoma ke ajiye amfanin gona a sito su karɓi bashi a kansa har farashi ya tashi. Hana mutum sayarwa inda ake saye ba tare da an kawo masa wani mai sayen ba, wannan ne ban yarda da shi ba.

Akwai ma inda za a zauna a yi maganar. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, hedkwatarta a Yamai, kuma ba ta rataya ga zama cikin CEDEAO ba. A watan Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya zo Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da ita. Yarjejeniya mai sauƙi, ku bar mana masara ta shigo a bazara mu bar muku wake ya fita a kaka, za ta fi amfanar Kance da Ɗaura fiye da dokokin hani biyu da ke fuskantar juna. Ina fata kuma idan za a yi irin wannan zama a gayyaci ƴan kasuwar hatsi da ƙungiyoyin manoma na Damagaram da Maraɗi, domin su ne suka san abin da buhu ke ci daga gona zuwa Dawanau.

Gidan da ya sayar da wake da araha a kakar 2024 yana da sauran abin dogaro guda. Harawar waken an ɗaure ta an ɗora bisa rumfa, da ita aka yi ta kiwon rago duk tsawon rani, da niyyar a kai shi Maigatari ko Mai'aduwa gab da babbar Salla, inda ragunan Nijar ke da daraja. A watan Mayun 2025, saura ƴan makonni Salla, ma'aikatar kasuwanci ta hana fita da dabbobi, shanu, tumaki, awaki da raƙuma, don ragon layya ya yi sauƙi a cikin gida. Dalilin iri ɗaya ne da na Oktoba, wanda ya ɗauki nauyin ma shi ne dai. Kuɗin ragon nan da shi ake sayen iri da taki, a biya ƴan ƙwadago a noman farko, kuma dokar ta faɗo ne daidai lokacin da magidanci ke lissafin yawan waken da zai jefa tsakanin geronsa a sabuwar damana.